Matsayin Noma da Kiwo a Yarjejeniyoyin Duniya kan Iskar da ke Ɗumama Yanayi

1.0 GABATARWA

A duk lokacin da aka ta da zancen ɗumamar yanayi, abin da kan fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne hayaƙin masana'antu da na motoci, da kuma wutar nan da ke ci dare da rana a bakin rijiyoyin mai. Ba kasafai hankali kan kai ga saniyar da ke kwance a inuwa tana tuƙa ba, ko fadamar shinkafa da ruwa ya kwanta a cikinta, ko kuwa buhun takin zamani da manomi ya ɗauko daga kasuwa. Amma fa waɗannan abubuwa sun daɗe da shiga lissafin masana, kuma tun shekarar 1992 aikin gona yake cikin takardun yarjejeniyar ƙasashen duniya.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda ƙasashen duniya suke tafiyar da batun iskar da noma da kiwo ke fitarwa. Za mu fara da bayanin ita kanta iskar, sa'an nan mu bi yarjejeniyoyin da aka ƙulla ɗaya bayan ɗaya, mu kuma duba dalilan da suka hana su yin ƙarfi. Abin da muke son mu nuna shi ne, an daɗe da amincewa a kan cewa kowace ƙasa ta ƙirga abin da gonakinta da dabbobinta ke fitarwa, amma har yanzu babu wata yarjejeniya da ta yanka wa noma da kiwo wani adadi na tilas da za a rage. Saboda haka ainihin hukuncin ya koma hannun ma'auni da kuɗi da kasuwa, kuma ta nan ne abin zai iso ga manomi da makiyayi na wannan yanki namu.

2.0 IRE-IREN ISKAR DA AKE MAGANA A KANSU

Iri uku ne na iska mai riƙe zafi suka shafi aikin gona. Ta farko ita ce iskar metan. Dabbobi masu tuƙa, watau shanu da tumaki da awaki da raƙuma, suna da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani a cikin tumbinsu, waɗanda su ne ke narkar da ciyawa. A cikin wannan aiki ne metan ke samuwa, kuma akasarinta ta baki take fita, ta hanyar gyatsa. Abin lura a nan shi ne, wannan iska asara ce ga mai dabba, domin kimanin kashi 6 cikin ɗari na ƙarfin abincin da saniya ta ci a nan yake salwanta, bai zama nono ba, bai zama nama ba. Haka kuma idan ruwa ya kwanta a gonar shinkafa, yakan toshe wa ƙasa hanyar shan iska, sai ganyaye da saiwoyi su riƙa ruɓewa a ƙarƙashinsa suna fitar da metan.

Ta biyu ita ce iskar naitiros, wadda ke tasowa daga ƙasa sa'ad da ƙananan halittu suka sarrafa sinadarin naitirojin da ke cikin takin zamani da kashin dabbobi da fitsarinsu. Ta uku ita ce iskar kabon, wadda a fannin noma ta fi fitowa daga sare dazuzzuka da ƙona su domin buɗe sababbin gonaki da wuraren kiwo.

Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Bisa rahoto na shida na Kwamitin Masana Sauyin Yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau IPCC, wanda aka kafa a 1988, tan ɗaya na metan da dabba ta fitar yana riƙe zafin da ya kai na tan 27 na kabon idan aka auna a tsawon shekara ɗari, kuma kusan na tan 80 idan aka auna a tsawon shekara ashirin. Sai dai metan ba ta daɗewa a sararin sama. Kimanin shekara 12 take yi ta rushe. Ita kuwa naitiros, tan ɗaya nata daidai yake da tan 273 na kabon, kuma takan wuce shekara ɗari tana nan.

Dangane da yawa kuwa, kwamitin ya ƙiyasta cewa noma da kiwo da sare dazuzzuka da sauran amfani da ƙasa sun ba da kashi 22 cikin ɗari na dukkan iskar da ɗan'adam ya fitar a 2019. Wani nazari da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa kashi 40 cikin ɗari na metan da ɗan'adam ke haddasawa daga aikin gona yake, watau kashi 32 daga dabbobi, kashi 8 daga shinkafa. Ita ma Hukumar Abinci da Aikin Gona, watau FAO, ta auna rabon kiwo shi kaɗai har sau uku: ta ce kashi 18 a 2006, kashi 14.5 a 2013, sa'an nan kashi 12 a 2023. Kada a ɗauka cewa wannan saukowa tana nufin dabbobi sun rage gyatsa. Hanyar lissafin ce ta yi ta sauyawa, ga kuma sauran fannoni da nasu hayaƙin ya ƙaru.

3.0 YARJEJENIYOYIN DA AKA ƘULLA

3.1 Daga Riyo zuwa Kiyoto

Uwar yarjejeniyoyin duka ita ce wadda aka fara sa wa hannu a taron birnin Riyo na ƙasar Burazil a watan Yuni na 1992, ta kuma fara aiki a watan Maris na 1994. Abubuwa uku a cikinta sun shafi batunmu. Sashe na 2 ya ce a tsayar da ƙaruwar iskar cikin lokacin da zai tabbatar da cewa samar da abinci bai shiga haɗari ba. Sashe na 3 ya ce alhakin na kowa ne, amma kason kowa daban yake, gwargwadon abin da ya ɓata da kuma ƙarfin da yake da shi. Sashe na 4 kuwa ya ambaci aikin gona a cikin fannonin da za a haɗa kai a rage musu hayaƙi, ya kuma wajabta wa kowace ƙasa ta riƙa gabatar da ƙididdigar abin da take fitarwa.

Yarjejeniyar Kiyoto ta 1997, wadda ta fara aiki a 2005, ita ce ta fara yanka adadi na tilas. Ta ɗora wa ƙasashe masu arzikin masana'antu su rage kimanin kashi 5 cikin ɗari ƙasa da abin da suka fitar a 1990, tsakanin 2008 da 2012. A jerin abubuwan da za a ƙirga an sa narkar da abinci a tumbin dabbobi, da sarrafa kashinsu, da noman shinkafa, da ƙasar noma, da ƙona daji, da ƙona karan gona. To, amma adadin da aka yanka wa kowace ƙasa na tattalin arzikinta ne gaba ɗaya. Ƙasa tana iya cika alkawarinta ta hanyar rufe tashoshin lantarki masu aiki da kwal ba tare da ta taɓa saniya ko ɗaya ba. Bugu da ƙari, Amurka ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba, Kanada kuma ta fice a 2012.

3.2 Yarjejeniyar Paris

A watan Disamba na 2015 aka sauya salo. Maimakon a yanka wa ƙasashe adadi daga sama, sai Yarjejeniyar Paris ta ce kowace ƙasa, mai arziki da matalauciya, ta rubuta nata alkawarin da kanta, ta kuma sabunta shi duk bayan shekara biyar. Abin da ya zama tilas shi ne gabatar da alkawarin da kuma ba da rahoto a kansa. Cika adadin da ke ciki bai zama tilas ba, kuma kwamitin da aka kafa don sa ido ba shi da ikon hukunta kowa. Kalmar aikin gona ma ba ta fito a cikin matanin yarjejeniyar ba. Abin da ya fito shi ne kare wadatar abinci, da kuma sharaɗin cewa duk abin da za a yi kada ya jefa samar da abinci cikin haɗari. Duk da haka, mafi yawan ƙasashe sun sa noma da kiwo a cikin alkawuransu, ko da yake kaɗan ne suka faɗi adadin da za su rage a wannan fanni.

3.3 Aikin Haɗin Gwiwa na Koronivia

Tun a taron Darban na 2011 aka buƙaci kwamitin fasaha na yarjejeniyar ya duba al'amuran noma. Shekara shida aka yi ana kai-komo. Ƙasashe masu arziki suna son a yi maganar rage fitar da iska, su kuwa ƙasashe masu tasowa suna cewa abin da ke gabansu shi ne yadda manomansu za su jure wa fari da ambaliya. Sai a 2017, a taron birnin Bon na Jamus wanda ƙasar Fiji ta shugabanta, aka cimma matsaya, aka kafa aikin haɗin gwiwa na Koronivia, wanda ya samo sunansa daga wata tashar binciken aikin gona a Fiji. An gudanar da tarurrukan bita a kan lafiyar ƙasa da ruwa da taki da kiwon dabbobi da wadatar abinci. A taron Sharmul Shaikh na Masar a 2022 aka maye gurbinsa da wani sabon shiri mai wa'adin shekara huɗu. Waɗannan shirye-shirye biyu sun tara ilmi mai yawa, amma babu wanda ya zo da adadi, ko wa'adin ragewa, ko wani asusu nasa na kansa.

3.4 Alkawuran Ganin Dama

Da aka ga tafiyar ta yi nauyi a zauren da dole sai kowa ya yarda, sai wasu ƙasashe suka koma ƙulla alkawura a gefe. A taron Gilasgo na 2021 Amurka da Tarayyar Turai suka ƙaddamar da Alkawarin Rage Metan na Duniya, wanda ya nemi a rage kashi 30 cikin ɗari na metan zuwa 2030 idan aka kwatanta da 2020. Ƙasashe fiye da ɗari suka shiga tun farko, har da Nijeriya, daga baya adadin ya haura 150. Sin da Indiya da Rasha, waɗanda ke cikin manyan masu fitar da metan, ba su sa hannu a wannan taro ba. Har ila yau, adadin na duniya ne a dunƙule, ba a raba wa kowace ƙasa kasonta ba, kuma hankali ya fi karkata ga toshe yoyon bututun gas, wanda ya fi sauƙi da arha. A taron Dubai na 2023 kuma shugabannin ƙasashe 134 suka amince da wata sanarwa a kan noma da abinci, suka yi alkawarin shigar da su cikin tsare-tsarensu na yanayi. Ita ma wannan sanarwa ba ta da ƙarfin doka.

4.0 DALILAN RAUNIN YARJEJENIYOYIN

Dalili na farko shi ne yawan wuraren da iskar ke fita. Tashar lantarki tana da bututun hayaƙi guda wanda za a iya maƙala wa na'urar awo. Gonakin duniya kuwa sun haura miliyan 500, akasarinsu ƙanana ne, shanu kuma sun kai kimanin biliyan ɗaya da rabi. Babu hukumar da za ta iya bin su ɗaya bayan ɗaya.

Dalili na biyu shi ne adalci. A 1991 wasu masana biyu na ƙasar Indiya, Anil Agarwal da Sunita Narain, suka wallafa wani ɗan littafi suna mayar da martani ga wata cibiyar bincike ta Amurka wadda ta jera Indiya da Sin cikin manyan masu laifi, saboda shanunsu da shinkafarsu. Hujjarsu ita ce, bai kamata a haɗa iskar da talaka ya fitar don ya ci abinci da wadda mai hali ya fitar don jin daɗi a sikeli guda ba. Wannan hujja ita ce har yau ƙashin bayan matsayin ƙasashe masu tasowa a zauren shawara.

Dalili na uku shi ne siyasar cikin gida, kuma misali mafi bayyana shi ne ƙasar Niyu Zilan, inda kusan rabin iskar da ƙasar ke fitarwa daga kiwo da noma yake. A 2003 gwamnati ta nemi ta sa wa masu dabbobi ɗan haraji don biyan kuɗin bincike, manoma suka yi zanga-zanga, aka janye. A 2019 aka kafa dokar da ta ware wa metan nata adadin, watau ragin kashi 10 cikin ɗari zuwa 2030, aka kuma shiga shirin sa wa iskar gonaki farashi. Da gwamnati ta sauya, sai a 2024 aka soke shirin, aka cire aikin gona daga tsarin cinikin hayaƙi na ƙasar. A Tarayyar Turai ma, tsarin cinikin hayaƙi da aka fara a 2005 bai haɗa da gonaki ba, kuma da aka yi wa dokar hayaƙin masana'antu gyara a 2024, an bar gidajen kiwon shanu a waje.

Ƙasar Denmak ce ta bi wata hanya daban. A 2024 gwamnati da ƙungiyoyin manoma da na kare muhalli suka yi yarjejeniyar sa haraji a kan iskar dabbobi daga 2030, a kan kurona 300 kowane tan, ya hau zuwa 750 a 2035. Amma an haɗa shi da rangwamen kashi 60 cikin ɗari, watau abin da manomi zai biya a zahiri bai wuce kurona 120 da farko ba, sa'an nan 300. Idan har ƙasa mai arziki irin wannan sai da ta yi irin wannan lallashi kafin manomanta su yarda, to ba abin mamaki ba ne a ce ƙasashe kusan ɗari biyu sun kasa haɗuwa a kan doka guda.

5.0 RIGIMAR MA'AUNI

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san cewa kafin a yi maganar farashi, sai an daidaita a kan mudun da za a yi awo da shi. Haka abin yake a nan. Da yake ba za a iya auna kowace dabba ba, sai IPCC ta fitar da jagorar ƙididdiga a 1996, ta sabunta a 2006, ta kuma yi mata kwaskwarima a 2019. Jagorar tana da mataki uku. A mataki na farko, ƙasa za ta ɗauki yawan dabbobinta ta ninka da wani adadi da aka tanadar wa nahiyarta baki ɗaya. A mataki na biyu da na uku, ƙasa ce za ta auna nauyin dabbobinta da irin abincinsu da nonon da suke bayarwa, ta fitar da nata adadin. Yawancin ƙasashen Afirka sun daɗe suna dogaro da mataki na farko.

Bari mu ɗauki misali daga jagorar 2006. An ƙiyasta cewa saniyar tatsa ta Arewacin Amurka tana fitar da kilo 128 na metan a shekara, tana ba da kilo 8,400 na nono. Ta Afirka kuwa tana fitar da kilo 46, tana ba da kilo 475 na nono. Idan aka yi awo da kan dabba, saniyar Amurka ta ninka tamu kusan sau uku wajen ɓata iska. Idan kuwa aka yi awo da kilon nono, tasu tana fitar da kimanin giram 15 a kowane kilo, tamu kuma kimanin giram 97, watau tamu ta ninka tasu fiye da sau shida. Lissafin duka biyu daidai ne, amma kowanne da wanda yake nuna wa yatsa. Daɗin daɗawa, awo da nono kaɗai ya manta cewa sa a wurinmu yana jan garma da amalanke, garke yana takin gona bayan girbi, kuma shi ne asusun ajiyar iyali na ranar buƙata.

Binciken da aka yi a cikin nahiyar ya nuna cewa adadin da aka tanadar bai faye dacewa da yanayinmu ba. Masana a cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ƙasa da ke Nairobi sun auna kashi da fitsarin shanun Kenya, suka tarar iskar da ke tashi daga gare su ba ta kai abin da jagorar 2006 ta ƙiyasta ba. Wani nazari da aka wallafa a 2019 a kan makiyayar Ferlo ta arewacin Sanigal ya nuna cewa idan aka lissafa kabon da itatuwa da ƙasa ke zuƙewa a tsawon shekara, yakan kusan share abin da dabbobin suka fitar.

Rigima ta biyu ita ce ta musayar metan da kabon. A taron Katowice na 2018 aka tsayar da cewa ƙasashe su yi amfani da ma'aunin shekara ɗari, inda tan ɗaya na metan yake daidai da tan 28 na kabon. Amma wasu masana na Jami'ar Oksfod sun kawo wani sabon ma'auni wanda ke duba ko metan tana ƙaruwa ko tana raguwa. Hujjarsu ita ce, tun da metan takan rushe cikin shekara goma sha biyu, garken da yawansa bai sauya ba, ba ya ƙara wani zafi mai yawa a kan wanda ya riga ya jawo. Ta fuskar kimiyya akwai gaskiya a ciki. Sai dai idan aka auna kowace ƙasa da shi, wadda ta tara garkenta tun shekaru aru-aru za ta fita kusan ba laifi, ita kuwa wadda garkenta ke ƙaruwa yanzu saboda jama'arta na ƙaruwa, kamar ƙasashen Sahel, ita ce za ta ɗauki kaya mafi nauyi.

Rigima ta uku ita ce ta iyaka. Ƙididdiga tana bin inda aka fitar da iska ne, ba ta bin inda aka ci abincin. Naman da aka yi kiwonsa a Burazil aka ci a Sin, a littafin Burazil yake. A yankinmu kuwa, garken da ya yi damina a Nijar yakan yi rani a Nijeriya ko Binin, bisa al'adar da ƙungiyar ECOWAS ta amince da ita a ƙudurinta na 1998 kan zirga-zirgar makiyaya. Tsarin da aka gina a kan iyakokin ƙasashe bai yi wa irin wannan garke kyakkyawan tanadi ba.

6.0 KUƊI DA KASUWA

A taron Kofenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tara dala biliyan 100 a kowace shekara zuwa 2020, amma bisa lissafin ƙungiyarsu ta OECD sai a 2022 aka cika. A taron Baku na 2024 aka ɗaga adadin zuwa dala biliyan 300 a shekara zuwa 2035. Abin tambaya shi ne nawa ke isa ga ƙaramin manomi. Wani nazari da aka yi tare da asusun IFAD a 2020 ya nuna kashi 1.7 cikin ɗari ne kacal na kuɗin yanayi na duniya. A ɗaya ɓangaren kuma, hukumomi uku na Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana a 2021 cewa gwamnatoci na tallafa wa manomansu da kimanin dala biliyan 540 a shekara, kuma naman shanu da nono da shinkafa na cikin kayan da suka fi samun tallafin.

Inda tilas ta fara bayyana a zahiri shi ne bakin tashar jiragen ruwa. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shigar da shanu da koko da kofi da manja da roba da waken suya da katako idan an same su daga filin da aka sare daji bayan 2020, ko da yake an ɗaga lokacin fara aiki da ita daga ƙarshen 2024. A wannan shekara ta 2023 kuma ta soma wani tsari na sa kuɗin kabon a kan wasu kayan da ake shigar mata da su, ciki har da takin zamani. Babu wakilin Afirka da ya jefa ƙuri'a a kan waɗannan dokoki, amma manomin koko a Gana da Nijeriya dole ya bi su in yana son kasuwar.

7.0 ABIN DA YA RAGE GARE MU

Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a watan Nuwamba na 2021, a shekarar kuma ta yi alkawarin rage kashi 20 cikin ɗari da ƙarfinta, ko kashi 47 idan ta sami taimako, zuwa 2030. A 2024 aka ƙirƙiro ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwon dabbobi. Hausawa kan ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ganinmu akwai abubuwa huɗu da ya kamata a yi tun kafin a buƙace su daga waje.

Na farko, mu mallaki namu mudun. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da jami'o'inmu su auna Bunaji da Rahaji da Bokoloji a kan abincin da suke ci da damina da rani, domin ƙididdigarmu ta tsaya a kan awon gida. Wakilin da ya je taro ba shi da alkaluman kansa, da na wasu za a yi masa hukunci.

Na biyu, mu rungumi hanyoyin ragewa waɗanda ribarsu ke komawa ga mai dabba. Saniyar da ta rame da rani tana ci gaba da gyatsar metan alhali ba ta ba da nono, kuma karsana a garken gargajiya takan kai shekara huɗu ko biyar kafin ta yi haihuwar fari. Tanadin harawa da dusa, da rigakafin cututtuka, da samar da ruwan sha kusa, duk suna ƙara nono da nama, suna kuma rage metan da ke kan kowane kilo. Akwai wani sinadari da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022 mai rage kimanin kashi 30 cikin ɗari na metan ɗin saniyar tatsa, amma sai an gauraya shi cikin abinci kullum, don haka bai dace da garken da ke yawon kiwo ba. A noman shinkafar rani kuwa, kamar na Kadawa da Kura, dabarar barin gona ta sha iska kwana kaɗan kafin a sake ba ta ruwa, wadda cibiyar binciken shinkafa ta Filifin ta yaɗa, tana rage metan sosai, tana kuma rage ruwan da ake ja.

Na uku, mu fayyace matsayinmu a kan taki. Sa'ad da shugabannin Afirka suka hallara a Abuja a 2006, abin da manomin kudu da Sahara ke zubawa bai wuce kilo 8 na sinadarin taki a kowace hekta ba, suka kuma ƙudurta kai shi kilo 50 zuwa 2015, abin da bai samu ba. Ƙasar da take fama da ƙarancin taki ba za a ba ta maganin wadda ta yi wa gonarta yawa ba. In amfanin gona bai ƙaru a filin da ake da shi ba, daji za a ci gaba da sarewa.

Na huɗu ya shafe mu ne mu malamai. Ɗaliban da muke horarwa a kwalejojin ilmi su ne za su koyar da aikin gona a makarantun karkara. Ya kamata su san waɗannan al'amura da harshen da manomi da makiyayi ke ji, domin kada zancen metan ya zama wani sabon makami a rikicin da ke tsakaninsu.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun bi sawun noma da kiwo daga taron Riyo na 1992 zuwa na Baku na 2024. Mun ga cewa wajibcin ƙirgawa ya tabbata, amma ragewa an bar wa kowace ƙasa ganin damarta, saboda yawan gonaki da tsoron yunwa da kuma ƙarfin manoma a siyasar ƙasashe masu arziki. Mun kuma ga cewa zaɓin ma'auni, ko kan dabba ne ko kilon nono, ko shekara ɗari ne ko saurin ƙaruwar garke, shi ke nuna wanda za a ɗora wa laifi. Ba mu ce dabbobinmu ba sa fitar da metan ba, kuma yankin Sahel na cikin wuraren da ɗumamar yanayi ta fi yi wa illa, don haka muna da buƙatar a rage ta ko'ina. Abin da muke kira gare shi shi ne a yi awon a gida, a je zauren shawara da shi. Muna fatan mahalarta wannan taro, musamman masana kimiyyar dabbobi da na harshe, za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma taimaka wajen daidaita kalmomin da muka yi amfani da su a nan.